Har Tsakina Suka Saya

Litinin, lokacin tara

Yau Mai Kwat ya tara mu a ɗakin malamai, wai zai koya mana yadda malamin Turanci zai ninka abin da yake samu. Mai Kwat fa. Mutumin da tun zuwansa makarantar nan kwat ɗinsa ɗaya ne, har gwiwar hannun ta fara sheƙi. Ya rubuta kan maganar a allo da manyan baƙaƙe, ya ci gyara a kalma ta biyu. Ba wanda ya lura sai ni, ni kuwa na bar masa kayansa.

"Malamai, albashi ba ya kai mutum ko'ina," in ji shi. "Ga lesin gida-gida. Ga koyarwa ta intanet, kana ɗakinka 'ya'yan mutanen waje na biyan ka. Ga gyaran rubutun 'yan jami'a. Ga bidiyo. Kai kanka haja ne, abin da ya rage kawai ka iya tallar kanka."

Na ce, "To kai nawa aka taya ka?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi, irin ta wanda aka taka wa ƙafa a motar haya.

Shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da harshen nan. Cikin waɗanda suka bi ta hannuna akwai likitoci, akwai masu karanta labarai a rediyo. Yau ga ni a kan benci ana kira na haja. Da a watan jiya ne, da tun a jimlar farko na ɗauki jakata. Amma na zauna har ya gama. Har takardar da ya raba na karɓa, na ce masa zan yi fifita da ita.

Litinin, da yamma

Ba wanda ya yi min maganar a makaranta, amma duk sun sani. Ina ganewa daga gaisuwar. "Malama, ya gida?" sai a tsaya ana kallon bakina.

Gida lafiya.

Su uku ne suka zo ranar nan da safe, mijina yana shan shayi. Ɗaya daga kamfaninsu, sauran biyun ba sai an gabatar da su ba. Suka ce 'yan tambayoyi ne a kan siton da yake kula da shi, zai dawo kafin azahar. Ban tambaye su azahar ɗin wace rana ba.

Auta ta wanke kofin da ya bari a kan tebur. Na yi mata faɗan da ya fi ƙarfin kofi.

Laraba, da rana

Ni da yayansa mun je wurin lauya. Ofishin yana saman wani shagon taya, fanka na juyawa kamar an tilasta mata. Lauyan ya ce beli zai yiwu, amma sai an yi haƙuri, sai kuma an yi wani abu. Da zai faɗi wani abun, silin ya kalla.

Da muka sauko Yaya ya gyara murya. "To, Malama, ke dai ma'aikaciya ce, wata na ƙarewa kina da tabbas. Mu kuwa kin san yanayin kasuwa."

Yanayin kasuwa na ajiye a bakin titi, mota sabuwa fil, ko ledar kujeru ba a cire ba. Ya buɗe ta ya shiga, ya sauke gilashi ya ce in gaida Auta.

Alhamis, da safe

Na karanta takardar Mai Kwat. Kurakuran sun fi shawarwarin yawa. Amma na karanta.

Juma'a, bayan la'asar

Kamfanin koyarwa ta intanet sun kira ni gwaji. Na rataya farin zanin gado a bango don kada a ga inda fenti ya ɓare. Auta ta jera tsofaffin ƙamus ta jingina wayar a kai, ta ce in daina haɗe gira.

Wata yarinya ce ta fito a fuskar wayar, wadda a shekaru na haife ta na yaye, haƙora a waje tun kafin in ce uffan. Ta yaba takarduna. Ta yaba ɗankwalina. Sannan ta ce in nuna mata yadda zan koya wa ɗan shekara biyar kalmar kyanwa. Na faɗi kalmar, na rubuta ta, na sa ta a jimla.

Ta karkata kai. "Ya yi kyau ƙwarai! Sai dai yaranmu sun fi son malama ta zama kyanwar da kanta."

Na dube ta. Na tuna silin ɗin lauya. Na ɗaga hannuwana biyu kusa da kunnuwana, na yi kukan kyanwa. Ta ce in ƙara fara'a. Na ƙara.

Auta na tsaye a bakin ƙofa. Ba ta yi dariya ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Asabar, da rana

Na je can.

Layi ne na mata, kowa da kwanon abinci ɗaure a leda, kowa na yi kamar ba ta ga ta gabanta ba. Gandiroban bakin ƙofa ya tsoma cokali a shinkafar ya yi ta juyawa kamar wanda zobensa ya faɗa ciki. Ya ɗanɗana naman. Ya sake ɗanɗanawa don ya tabbatar.

Baban Auta ya rame ta wuya. Ya tambayi Auta, ya tambayi ko an gyara famfon banɗaki. Mutum na can ciki yana tambayar famfo. Sannan ya rage murya.

"Maman Auta, maganar siton nan, ina so ki san cewa..."

Na ce, "Ci abincinka kada ya huce."

Ya ci. Ban yi kuka ba.

Lahadi, da hantsi

Kamfanin sun amsa. Sun gode da lokacina. Wai iyayen yaran sun fi son lafazin waɗanda aka haifa cikin harshen. To me ya hana su faɗa kafin kyanwa?

Talata, da yamma

Na fara lesin gida. Mai Kwat ne ya haɗa ni da matar wani ɗan kwangila, kuma zai yanki kasonsa, ba sai an ce ba.

Falonta ya yi biyun ajinmu. Kujeru masu ruwan zinare waɗanda ba a yi su don zama ba. Kabad cike da littattafai masu launi ɗaya, na zaro guda, shafukan a manne suke tun daga inda aka buga su. Ta bar ni zaune har ruwan da aka kawo min ya daina sanyi, sannan ta sauko tana waya.

"Malama, ni fa ba na makaranta nake so ba. Na gayu nake so, wanda zan yi da matan baƙin maigida. Irin wanda ake yi ta hanci ɗin nan."

A zuciyata na ce ta hanci mura ake yi. A fili na ce, "In Allah ya yarda, ranki ya daɗe."

Ni ce na ce wa wannan ranki ya daɗe. Na rubuta ne don kada in manta.

Alhamis, da yamma

Ta iya gaisuwa yanzu, ta iya cewa abinci ya yi daɗi. Kanta na ja, kada in ci alhakinta. Da a ce tana ajiye wayar da an ga wani abu.

Juma'a, bayan tashi

Mai makaranta ta kira ni ofis. Ta sa aka rufe ƙofa, ta zuba min shayi a kofin baƙi, daga nan na san ba alheri.

"Malama, ke tamu ce, kin sani. Sai dai iyayen yara suna magana. Kin san mutane. Na ga kamar in sauƙaƙa miki, ajin ƙarshe ya koma hannun wani, ke ki ji da ƙananan azuzuwa har abubuwa su lafa."

Na ce, "Hannun wa?"

Ta kalli kofinta.

Mai Kwat ke nan. Shi zai shirya yaran da na raina shekara biyar su shiga jarrabawa. Allah ya ji ƙan maki.

Tunda ƙofa a rufe take, na cije na tambaye ta ko za a ba ni albashin wata biyu a gaba. Ta dafa ƙirji ta ce da na zo jiya. Kowa jiya yake da kuɗi.

Asabar, da rana

Na je can. Ya ce saboda cunkoso, da daddare sai an juya gaba ɗaya, in ɗaya ya gaji da kwanciya ta dama sai kowa ya gaji. Dariya yake yi da yake faɗa. Ban yi kuka ba.

Talata, da yamma

Yau da na shiga falon, matar ɗan kwangila ta tattara wayoyinta daga kan tebur ta zuba a jaka, ta rungume jakar a cinya. Da na nemi banɗaki, mai aikinta ta raka ni har ƙofa, ta tsaya tana jira.

Ba mu buɗe littafi ba.

"Malama, ashe mijinki ne na kamfanin kayan ginin nan? Maigida ma a wurinsu yake ɗaukar siminti. Kai, Allah ya fid da shi. Sai dai ya ce mu ɗan dakata da karatun tukuna."

Ta miƙo min ambulan, ta ɗora sabulun wanka biyu a kai.

Matar da mijinta ya gina gadar da ruwan farko ya tafi da ita, ita ce ke ɓoye min waya. Na karɓi ambulan. Sabulun na bar mata a kan kujerar zinare, ta fi ni buƙata.

Laraba, da safe

An ɗaga zaman kotu. Alƙali bai zauna ba. Na hango Baban Auta ta tagar motar gidan yari, bai gan ni ba, ko kuma ya yi kamar bai gani ba. Lauya ya ce kafin zama na gaba a cika masa, shi ma yana da iyali.

Alhamis, bayan la'asar

Na yi baƙo. Wata doguwar mota ta tsaya a ƙofar gida har maƙwabta suka leƙo, su a zatonsu an dawo ɗaukar saura. Wani ya fito da tabarau baƙi da takalmi fari, ya durƙusa har ƙasa.

"Malama, ba ki gane ni ba? Ɗan bencin baya, kusa da taga."

Na gane shi. Sau biyu ya faɗi Turanci a hannuna, na ukun ma tausayi ne ya fid da shi. Auta ta ja ni gefe tana rawar jiki. "Umma, Farfesa ne fa! Kowa na kallon sa a waya. Turanci yake koyarwa."

Turanci. Shi. Ta nuna min guda ɗaya. Yana tsaye gaban allo yana murɗa baki, yana haɗa jiya da gobe a jimla ɗaya, dubban mutane a ƙasa suna cewa Allah ya ƙara basira.

Na ce, "In gyara kake so in yi maka, sai dai a rushe a sake gini."

Ya yi dariya har da tafi. "Wannan! Wannan nake nema, Malama. Ni ba Turancinki nake so ba, fuskarki nake so. Kallon nan da kike mana. Wallahi shekara uku ban buɗe baki a ajinki ba saboda shi. Ki zauna kusa da ni, in yi maganata, ke kuma ki yi min abin da kika saba. Shi ke nan aikin."

So yake in ji kunya. Da ya yi karatu da ba a kalle shi ba.

Na ce ni malama ce, ba 'yar wasan kwaikwayo ba. Ya ce ya ji abin da ya sami Baba, Allah ya kawo sauƙi. Ya ajiye lambarsa a hannun Auta, don ya san in ni ya ba wa sai kwandon shara.

Juma'a, da safe

Ba zan kira shi ba.

Asabar, da yamma

Na je can. Tari yake yi, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Ya ce ba komai, zafin ɗakin ne, ba taga a ɓangarensu. Bai iya cinye abincin ba.

Na kira Yaya, wayarsa a kashe. Na kira matarsa, ta ce likita ya hana shi jin abin tashin hankali.

Lahadi, da rana

Auta ce ta danna lambar. Ni dai magana kawai na yi.

Talata, da yamma

An yi.

Ɗaki ne guda a bayan wani shagon gyaran waya. An shafa wa bango baƙin fenti a matsayin allo, ga fitila mai zagaye kamar bakin tukunya tana haska ido. Ya ba ni wani ƙaton tabarau marar gilashi, na ajiye masa, na ce ina da nawa na gaske. Ya ba ni bulala. Na ce ban taɓa dukan yaro ba, bakina ya ishe ni. Ya ce, "Gaskiya ne, Malama, mu ne shaida."

Na tambaye shi me zan ce. Ya ce kada in shirya komai.

Aka kunna. Ya fara. Na yi niyyar in zauna kamar gunki in karɓi kuɗina, amma da ya kai jimla ta uku, inda ya ce shi ya tafi kasuwa gobe kuma zai dawo jiya, sai na ji abin ya taso min tun daga ciki. Na juya na dube shi daga takalmi har tabarau. Na ce, "Sake faɗi mu ji." Ya sake, ya ƙara ɓata ta. Na ja tsaki mai tsawo, wanda ban san na tara shi ba. Na lauya na ciki, na Yaya na ciki, na matar sabulu na ciki. Sannan na gyara masa jimlar, dalla-dalla, yadda ake yi.

Mai riƙe da kyamara ya zauna a ƙasa don dariya.

Kafin in kai bakin titi kuɗi sun shigo wayata. Sun fi albashina na wata. Na zauna a motar haya ina jin haushinsa, da na masu kallon sa, da na matar da ta karɓa.

Alhamis, lokacin tara

Ya bazu.

Mai gadin makaranta ya buɗe min ƙofa yana murmushi. Mai sayar da burodi ya ce, "Malama, sake faɗi mu ji!" Direban motar haya ya ƙi karɓar kuɗina, ya ce in dai yi masa tsaki ɗaya ya ji da kunnensa. Na biya shi kuɗinsa.

Auta ta karanta min abin da ake rubutawa a ƙasa. Ba mai jimla ɗaya tsayayya. Ba kuma wanda ya ambaci gyaran da na yi, ko mutum ɗaya. Wani ya rubuta, "Wannan tsohuwar, mijinta na shan wahala." Na ce ta rufe wayar haka nan.

Juma'a, bayan tashi

A ƙaramin aji akwai wata yarinya mai ƙoƙari, 'yar siririya, kullum a bencin gaba. Yau ta tashi karatu, harshenta ya sarƙe a kalma ɗaya. Kafin in buɗe baki ajin gaba ɗaya ya ɗauka, "Sake faɗi mu ji!" Suka ja tsaki tare, yara talatin, da irin tsawon nawa, da irin karkata kan nawa. Sun iya sosai. Abin da na koya musu da ya zauna ke nan.

Yarinyar ta zauna ta kifa kai a kan benci. Na kore su waje dukansu, na bar ta. Na ce ta karanta min ni kaɗai. Ta kasa ɗago ido.

Mai makaranta ta aiko a kira ni. Wai na zubar da mutuncin makaranta, in zaɓa, ko aji ko waya. Na ce zan yi tunani.

Litinin, da rana

Na kai wa lauya abinsa. Yau bai kalli silin ba, ni ya kalla, har da miƙewa tsaye. Ashe shi ma ya gani. Ya ce matarsa na gaishe ni.

Saura mai tsaya wa Baban Auta a belin. Dole ya zama ma'aikaci mai albashi, kuma ba matarsa ba. Yaya ya kunna waya don ya gaya min shi ɗan kasuwa ne, ba shi da takardar albashi, sannan ya sake kashewa.

Talata, da yamma

Mun yi na biyu da na uku. Yanzu da gangan yake ɓata jimlar, ni ma na san da gangan ne, tsakin kuma yana fitowa daidai lokacinsa. Ya ce na fara gogewa.

Laraba, lokacin tara

Ina gyaran littattafan yara Mai Kwat ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Na ci gaba da aikina.

"Malama, na ji ana neman mai tsayawa."

Na ce, "Ana nema."

"Ni zan tsaya. Ina da takardar albashi, ko da yake albashin ba ya kai mutum ko'ina." Ya yi 'yar dariya. "Mijinki ya taɓa rage min hanya cikin ruwan sama, bai ma san ni ba."

Na ce, "Ka san in ya gudu kai za a kama?"

"Da wannan tarin ina zai gudu?"

Ban san ya je can ba. Ashe ya je, ranar Lahadi, da lemo.

Na ajiye biro. Kafin in yi godiya sai ya ƙara da cewa, in ba damuwa, yana shirya taron malamai a ƙarshen wata a kan hanyoyin ƙara samu, in zan zo in yi jawabi ko na minti goma ne, sunana kaɗai zai cika ɗakin. Har na ji sanyi. Da ya tsaya a lemon, da ban san inda zan sa kaina ba.

Na ce zan zo. Na kuma ce ya kawo min takardar tallar in duba kafin ya buga.

Alhamis, bayan tashi

Mai makaranta ta sake kira na, da kofin baƙi. Iyaye sun yi ta zuwa suna tambaya ko nan ce makarantar Malamar waya, suna so su kawo 'ya'yansu. Ta ce maganar ranar Juma'a a bar ta, ɓacin rai ne. Ajin ƙarshe ma nawa ne in ina so. Sai dai tana tunanin a sa hotona a allon tallar bakin titi.

Na ce, "Nawa?"

Ta ƙifta ido. Ni kaina sai da na ji muryar kamar ba tawa ba.

Litinin, da hantsi

An ba da beli. Shari'a na nan, sai bayan wata biyu. Mai Kwat ya zo kotu da kwat ɗin, an goge shi har yana ɗaukar ido. Ya sa hannu ba tare da ya karanta ba, kamar yadda ya saba.

Talata, da yamma

Na je ɗauko Baban Auta.

An fito da shi har ƙofar ƙarshe, yana rungume da kayansa a leda. Tsakanina da shi ƙarfe ne kawai. Gandiroban nan mai ɗanɗana nama ne ke riƙe da makulli. Ya sa shi a kwaɗo, sai ya tsaya, ya washe baki, ya kira abokan aikinsa.

"Ku zo, ga ta! Malama, ai ba za ki tafi haka ba. Ɗan yi mana ko sau ɗaya."

Na ce, "Buɗe ƙofar, ɗana."

"Zan buɗe mana. Bari ki ji." Ya gyara tsayuwa ya kwaɓa wani Turanci da gangan, sauran suka ɗaga wayoyi. Matan layi duk suka juyo, kowa da kwanonta.

Na kalli makullin. Na kalli wuyan Baban Auta. Na juya na dubi mutumin daga takalmi har hula, na ce, "Sake faɗi mu ji." Na ja masa tsakin. Wannan karon ba sai na nemo shi ba.

Suka yi shewa. Ƙofa ta buɗe.

A tasi yana ta tari. Ina kallon waje ina jira ya ce wani abu a kan matar da ya bari malama ya dawo ya tarar da ita abin dariyar gandirobobi. Na shirya amsa, mai zafi. Mun wuce kasuwa sai ya ce:

"Ni na gaya musu, ai."

Na juyo.

"Wani gandiroba ne yake kallo a wayarsa, na ji muryarki tun daga ɗaki. Na ce wannan matata ce. Suka ce ƙarya nake. Na ce su jira Asabar su gani." Ya yi tari, ya share baki. "A daren suka mayar da tabarmata kusa da taga. 'Yan ɗakinmu kullum sai sun sa na ba su labarinki. Na ce musu ai wannan kaɗan kuka gani, ni da nake sha da shayi kowace safiya."

Dariya yake yi, idonsa na ruwa. Ya ɗora hannunsa a kan nawa, a gaban direba, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu.

Amsar da na shirya ba ta da inda za ta shiga. Na ce wa direban ya rage gudu, ba buhunan siminti ya ɗauko ba.

Laraba, da rana

Ya yi barci har azahar, a miƙe, hannu ɗaya gabas ɗaya yamma, ya cinye gadon shi kaɗai. Yaya ya zo da kwalin lemo yana cewa addu'arsu ce ta ci. Na bar shi a falo da Auta.

Na kira Farfesa na ce daga yau kuɗin tsaki ya ƙaru, kuma gyaran jimlar ba za a ƙara yanke shi ba, a bar shi har ƙarshe ko ba mai kallo. Ya ce, "Haba Malama, a haka ma ai ina ƙoƙari. Kin san yanayin..."

Na yi masa guda ɗaya kyauta, na kashe wayar.